Tambayoyi da Amsoshi Kan Sharhin Fayafayan Kiɗan Kilasik da Marubutan Kiɗan da Aka Manta da Su

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini tun da na fara rubuta sharhi a kan fayafayan kiɗan kilasik na Turai. Wasu na amsa su a tsaitsaye, wasu kuma na zauna a kansu, saboda ba nauyinsu ɗaya ba.

Wai wane kiɗa ne ake ce wa kilasik?

Kiɗa ne da ake rubuta shi a takarda kafin a kaɗa shi. Ya taso ne a coci-coci da fadojin sarakunan Turai, daga baya ya fito manyan zauruka inda kowa zai sayi tikiti ya shiga. Bach ya rasu a 1750, Mozart a 1791, Beethoven a 1827, duk kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. Babu wani mai rai da ya taɓa jin yadda suke kaɗawa. Takardu suka bari, cike da alamomin da ke nuna wane sauti za a fitar, da tsawonsa, da wane abin kiɗa zai fitar da shi.

A wajenmu mawaƙi shi ne mai waƙarsa. Shi ya ƙaga ta, shi ya rera, makaɗansa da 'yan amshinsa na bayansa, in ya kwanta dama muryarsa ce ke nan a kaset. A kiɗan kilasik an raba aikin. Akwai marubucin kiɗa, akwai makaɗa, in kuma makaɗan suna da yawa, wato okestira ce mai mutum saba'in ko ɗari, akwai madugu da ke tsaye gabansu da 'yar sanda yana ba da tafiya. Abin da ya fi kama da wannan a gidanmu shi ne rubutacciyar waƙa: baitocin ɗaya ne, amma wannan ya rera ta zuciya ta karye, wancan ya rera ka ji kamar yana karanta takardar haraji.

In rubutun ɗaya ne, me ya kawo fayafayai barkatai na aiki guda?

Saboda takarda ba ta iya faɗin komai. Za ta ce "da sauri", amma saurin mai keke ko na mai doki? Za ta ce "a hankali", amma ba ta ce a ina za a ja numfashi ba.

Misalin da na fi son bayarwa shi ne na Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Kanada. Ya ɗauki aikin Bach mai suna Goldberg Variations a 1955, yana saurayi ɗan shekara 22, ya gama shi cikin minti 38 da 'yan daƙiƙu, yatsunsa kamar ana korar su. A 1981 ya sake ɗaukar aikin nan dai, ya kai minti 51. Mutum ɗaya, rubutu ɗaya, tazarar kusan minti 13. Wani ɓangaren tazarar ya zo ne daga jinkirin da ya yi da gangan, musamman a kashin farko mai taushi. Wani ɓangaren kuma saboda a karo na biyu ya maimaita wasu sassa da Bach ya sa alamar a maimaita, waɗanda ya tsallake gaba ɗaya a 1955. Shekara guda bayan ɗauka ta biyu ya rasu yana da shekara 50, shi ya sa masu sauraro da yawa suke jin ta kamar sallama. Ni dai ina taka-tsantsan da irin wannan fassara, don mutumin bai san ajalinsa ya matso ba. Amma batun maimaitawar darasi ne ga duk mai sharhi: kafin ka ce wane ya fi wane sauri don ka ga minti a bayan kwali, duba ko duka biyun sun kaɗa adadi ɗaya.

To me mai sharhi yake dubawa takamaimai?

Abu uku, kuma yawancin sharhin da ya lalace ya lalace ne saboda an cakuɗa su.

Na farko aikin kansa. Shin abin da marubucin ya rubuta yana da nauyi? Yana da inda ya dosa, ko zagaye kawai yake yi? Idan aikin Beethoven ne ko Brahms, ba a ɓata tawada a nan, duniya ta riga ta yanke hukunci. Idan na wanda ba a sani ba ne, wannan tambaya ce ke cin rabin shafin.

Na biyu kaɗawar. Tafiyar kiɗan ta dace? Makaɗan suna tare, ko masu busa sun riga masu goge isa? Sautin ya daidaita ko wani yana ɗan zamewa ƙasa? Sama da duka, madugun yana da abin da yake son faɗa? Faifan simfoni (dogon aikin okestira mai kashi-kashi) na biyar na Beethoven da madugu Carlos Kleiber ya yi da okestirar Biyena a 1974 har yau ana auna sababbi da shi, kuma dalilin a bayyane yake tun daga sauti huɗun farko: akwai wuta, amma wutar tana da linzami.

Na uku ɗaukar sautin, aikin injiniyoyi ke nan. A ina aka kafa makirufo? Ana jin faɗin zauren, ko an matse komai kamar a cikin akwati? Mai fiyano ya danne sauran makaɗa? Akwai faifan da kaɗawarsa ta kai matuƙa amma sautin ya dakushe, akwai kuma mai sauti garau kamar ruwan randa amma kaɗawar ba gishiri. Dole a gaya wa mai saye wanne ne ya samu. Mujallar BBC Music ma taurari iri biyu take bayarwa, ɗaya na kaɗawa, ɗaya na sauti.

Sau nawa kake sauraron faifai kafin ka yi rubutu?

Aƙalla sau uku. Na farko ba alƙalami a hannu. Na biyu da rubutun kiɗan a gabana in na same shi, domin tsofaffin ayyuka da yawa suna nan kyauta a rumbun IMSLP na intanet. Na uku ina jera shi da wasu fayafayan aikin, kashi bayan kashi. In aikin sabo ne a kunnena nakan ƙara, kuma nakan bar kwana biyu a tsakani.

Na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na saurari wani faifai da yamma, wuta ta ɗauke, janareton maƙwabci na ruri, na rubuta cewa kashi na biyu ya mutu murus, babu abin da ke faruwa a cikinsa. Bayan mako guda na sake ji da asuba, gari tsit, sai ga shi ashe a wannan kashin ne mai celo, wato babban goge mai kaurin murya, yake zuba mafi kyawun abin da ke faifan, da murya ƙasa-ƙasa. Wannan kiɗa yana sauka har ya zama raɗa, ya kuma tashi ya zama tsawa, ba kamar waƙoƙin zamani da ake daidaita ƙararsu daga farko har ƙarshe ba. Lasifikar waya ba za ta iya da shi ba. Abin sauraro na kunne mai ɗan kyau da wuri mai shiru sun wadatar, ba sai an sayi na'urar miliyoyi ba.

Me ake nufi da "kayan kiɗa na zamanin marubucin"?

Gogen Turawa na zamanin Bach tsirkiyarsa ta hanjin dabba ce, na yanzu kuwa yawanci ƙarfe ne ko roba da aka naɗe da ƙarfe. Ƙahonin wancan lokaci ba su da maɓallai. Maimakon fiyano, hafsikod ake kaɗawa, wanda ke tsinkar tsirkiya maimakon dukanta. Har tsayin sautin ya bambanta: yau ana daidaita kayan kiɗa a kan girgiza 440 a daƙiƙa ko sama kaɗan, masu bin tsohon salo kuwa sukan sauko 415, kusan rabin mataki ƙasa.

Nikolaus Harnoncourt ya kafa ƙungiyarsa ta Concentus Musicus a Biyena a 1953 don kaɗa tsofaffin ayyuka da tsofaffin kaya. A ƙarshen shekarun 1980 Roger Norrington ya ɗauki simfononin Beethoven yana ƙoƙarin bin lambobin sauri da Beethoven ya rubuta da kansa, sai ga kiɗan yana gudu fiye da yadda kunnuwa suka saba. Aka yi ta cacar baki. Yanzu ƙura ta lafa, manyan okestirori ma sun ari abubuwa da yawa daga wannan salo. Ra'ayina shi ne tsohon kaya ba ya mai da makaɗi gwani. Na ji fayafayan tsohon salo masu rai, na kuma ji waɗanda suka bushe kamar karan dawa a watan Maris.

Tsofaffin fayafayai masu ƙarar "shhh" fa, suna da amfani?

Sosai. Tarihin a taƙaice: Enrico Caruso ya yi fayafayansa na farko da suka yi suna a Milan a 1902, yana rera waƙa cikin bakin wani ƙaton mazurari. Makirufo ya shigo a 1925. Faifan garmaho na lokacin minti huɗu ko biyar yake ɗauka a kowace fuska, don haka simfoni guda sai ya ci tarin fayafayai. Dogon faifai na LP ya zo a 1948, sitiriyo ya bazu daga 1958, CD kuma a 1982.

Artur Schnabel ne ya fara ɗaukar sonatocin fiyano 32 na Beethoven gaba ɗaya, wato dogayen ayyukan da ya rubuta wa fiyano shi kaɗai, tsakanin 1932 da 1935. Akwai kurakuran yatsa a ciki da ɗalibin yau ba zai yarda a saki ba, amma har yanzu makaɗa na komawa gare shi don su ji yadda ake gina dogon zance da sauti. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a wasu lokuta muna da mai itan: Rachmaninoff ya kaɗa koncetocinsa na fiyano (konceto aiki ne da makaɗi ɗaya ke jan gaba, okestira na mara masa baya) da okestirar Philadelphia, Elgar kuma ya jagoranci koncetonsa na goge a 1932 da Yehudi Menuhin, yaro ɗan shekara 16. Abin mamaki, Rachmaninoff yana kaɗa nasa da sauri, babu yawan langaɓewa, saɓanin yadda wasu ke jan sa a yau kamar za su yi kuka. Sai dai ba na ba wanda yake farawa shawarar ya fara da waɗannan. Ya san aikin da sauti mai kyau tukuna.

Me ya sa ake wahalar da kai a kan marubutan da ba wanda ya sani? Ba don ba su iya ba ne aka manta da su?

Wani lokaci haka ne. Amma jerin sunayen da muke ɗauka kamar tun fil azal suke nan, shi ma mutane ne suka tsara shi, kuma ya sha canzawa. Babban aikin Bach na St Matthew Passion ya yi shekaru da yawa a ajiye, sai da Mendelssohn, yana ɗan shekara 20, ya farfaɗo da shi a Balin a 1829. Ayyukan Bach shida na celo kaɗai ana ɗaukar su darussan motsa yatsa ne, har Pablo Casals ya tsinci kwafinsu a wani shago a Basalona yana ɗan shekara 13, ya yi ta nazarinsu, ya ɗauke su a faifai tsakanin 1936 da 1939. Vivaldi, wanda yau ake jin kiɗansa har a tallar talabijin, ya mutu a Biyena a 1741 cikin talauci, kuma tarin takardunsa sai a 1927 da 1930 suka shiga ɗakin karatu na Turin.

Dalilan mantuwa suna da yawa, kuma ba kullum suke da alaƙa da ingancin kiɗa ba. Jan Dismas Zelenka, ɗan Bohemiya da ya yi aiki a fadar Dresden ya rasu a 1745, fadar ce ta kulle takardunsa. Sai a shekarun 1970, da Heinz Holliger mai busa obo, 'yar'uwar algaita, ya ɗauki sonatocinsa, mutane suka farga cewa akwai wani mai zurfi da baƙon salo da ya yi zamani da Bach. Louise Farrenc ta koyar da fiyano shekara 30 a babbar makarantar kiɗa ta Faris, ta rubuta simfoni uku, amma mace ce a garin da ya fi son opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa. Mieczysław Weinberg ya tsere daga Warsaw a 1939, Nazi suka kashe iyayensa da ƙanwarsa, ya zauna a Mosko, aka kama shi a farkon 1953, mutuwar Stalin ce ta fitar da shi. Ya rubuta simfoni fiye da ashirin da ayyuka 17 na masu goge huɗu, amma a yammacin Turai an daɗe ana kallonsa a matsayin inuwar abokinsa Shostakovich. Ya rasu a 1996. Sai da aka nuna operarsa The Passenger a Bregenz ta Ostiriya a 2010 sannan ƙofa ta buɗe, kuma faifan simfoninsa na 2 da na 21 da Mirga Gražinytė-Tyla ta jagoranta ya zama gwarzon faifan shekara na mujallar Gramophone a 2020.

Ke nan duk wanda aka tono gwani ne?

A'a, kuma a nan ne nake saɓawa da wasu abokan sana'a. Akwai wata cuta da ke kama mai sharhi: daɗin cewa shi ya gano abu. Sai ka ga an kira kowane konceto na ƙarni na 19 da aka kakkaɓe wa ƙura "gagarumin aikin da aka zalunta". Kamfanin Hyperion ya fara jerin fayafayansa na koncetocin fiyano na wancan ƙarni a 1991, ya fitar da fiye da tamanin. Na saurari da yawa daga ciki. Kaɗan suna da girma na gaske, da yawa suna da daɗi na rabin awa, wasu kuwa in ka gama ji ba za ka iya tuna ko layi ɗaya ba. Ba laifi ba ne aiki ya zama mai daɗi kawai. Laifin shi ne a ce wa mai saye zinariya ce alhali tagulla ce mai kyau, domin gobe in aka kawo masa zinariyar gaske ba zai yarda ba.

Yaya ake sharhin aikin da faifansa ɗaya ne tak a duniya?

Wannan ce tambaya mafi wuya a sana'ar. In ka ji simfonin Brahms ya yi sanyi, ka san laifin madugu ne, don ka ji shi da zafi a wani wuri. In ka ji simfonin wanda ba ka sani ba ya yi sanyi, laifin wa? Marubucin, ko makaɗan da wataƙila kwana biyu kawai suka yi suna gwaji?

Dubi Hans Rott. Abokin karatun shahararren marubucin kiɗa Mahler ne a Biyena, ɗalibin Bruckner a ogan, babban abin kiɗan nan na coci. Ya gama simfoninsa a 1880, ya kai wa Brahms, Brahms ya watsa masa ƙasa a ido. Ba da jimawa ba ya sami taɓin hankali, ya mutu a asibiti a 1884 yana da shekara 25. Ba a kaɗa simfonin ba sai a 1989 a Cincinnati ta Amurka, Gerhard Samuel na jagorantar okestirar ɗalibai, kuma su ne suka yi faifan farko. Sun yi abin a yaba, amma sai da ƙwararru irin su Paavo Järvi da okestirar rediyon Frankfurt, da Jakub Hrůša da ta Bamberg, suka ɗauka sannan aka iya rarrabe raunin da ke na Rott da wanda ke na kaɗawa. Raunin Rott na nan: yaro ne mai zumuɗi, ya cika buga ƙaramin ƙarfen nan mai kusurwa uku har ya gundure ka, kashin ƙarshe kuma ya ƙi ƙarewa. Amma a kashi na uku za ka ji Mahler tun kafin Mahler ya zama Mahler.

Abin da nake yi shi ne in nemi rubutun in ga ko abin da ke takarda ya fi abin da ke kunne. In bai samu ba, sai in jera aikin da na tsararrakinsa. Sannan in faɗa wa mai karatu a fili cewa hukuncin na wucin gadi ne, har a sami faifai na biyu.

Akwai baƙaƙen fata ko 'yan Afirka a wannan fage?

Akwai, tun da daɗewa. Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, an haife shi a tsibirin Guadeloupe a 1745, mahaifiyarsa baiwa ce. Ya zama gwanin takobi da gwanin goge a Faris, kuma ƙungiyar da yake jagoranta ce ta fara kaɗa simfononi shida da Haydn ya rubuta wa birnin. Ana yi masa laƙabi da "Mozart baƙi", laƙabin da ba na amfani da shi, don ya girmi Mozart da shekara 11 kuma ya yi suna a Faris da kansa. Koncetocinsa na goge suna da ƙyalli da sauƙin shiga rai, ko da yake ba zan ce sun kai zurfin na ƙarshen rayuwar Mozart ba.

Samuel Coleridge-Taylor, ɗan wani likita ɗan Saliyo, an haife shi a Landan a 1875. Aikinsa Hiawatha's Wedding Feast na 1898 ya cika zauruka a Ingila shekara da shekaru, amma ya riga ya sayar da haƙƙinsa a kan fam 15 da sule 15. Ya mutu yana da shekara 37, kamfanin ɗab'i ya ci gaba da kwasar riba.

Florence Price ta Amurka ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar okestirar ƙasar ta kaɗa simfoninta, a Shikago a 1933. Ta rasu a 1953, aka manta da ita. A 2009 wasu ma'aurata da ke gyaran wani kango a St. Anne ta jihar Illinois suka tarar da tarin takardunta, har da koncetocin goge biyu da simfoninta na huɗu. John Jeter da ƙaramar okestirar Fort Smith suka ɗauki na 1 da na 4 a kamfanin Naxos, sannan Yannick Nézet-Séguin da okestirar Philadelphia suka ɗauki na 1 da na 3, suka ci kyautar Grammy a 2022. A simfonin farko inuwar Dvořák a fili take, amma kashi na uku, da ta gina a kan rawar juba ta bayin kudancin Amurka, nata ne ita kaɗai.

A Najeriya akwai Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, makaɗin ogan da ya yi suna a Landan, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon ƙasa, ya rasu a Ohio a 1987. African Suite ɗinsa na masu goge yana da kashi biyar, ya ari karin wasu waƙoƙi daga Ephraim Amu na Gana, kashin ƙarshe mai suna Akinla kuma daga kiɗan rawa na haylayif ya fito. Akwai Ayo Bankole, wanda aka haifa a Jos a 1935, da Akin Euba, wanda ya yi ta neman yadda fiyano zai yi magana irin ta ganga. A nan mai sauraro ɗan Afirka ta Yamma yana da abin da mai sharhin Landan ba shi da shi. In okestirar Turawa ta kaɗa Akinla tana ƙirga bugu kamar sojoji a fareti, kunnenka zai gaya maka tun kafin a kai tsakiya.

Waɗanne kamfanoni ne suka fi kula da irin waɗannan ayyuka?

Yawanci ƙananan. BIS ta Suwidin, da Robert von Bahr ya kafa a 1973. Chandos ta Ingila, 1979. Hyperion, 1980, wadda mai ita Ted Perry ya riƙa tuƙa tasi da dare don ta tsaya da ƙafarta, har faifan waƙoƙin Hildegard ta Bingen, wata mai zaman zuhudu ta ƙarni na 12, ya yi kasuwar da ta ɗauki nauyin sauran. Naxos, da Klaus Heymann ya kafa a Hong Kong a 1987 da fayafayai masu araha. Sai cpo ta Jamus, wadda kusan sana'arta ke nan tono sunayen da ba ka taɓa ji ba. Manyan kamfanoni irin su Deutsche Grammophon sukan shigo ne bayan ƙanana sun share hanya. Wani lokaci kuma abin ya ba kowa mamaki: simfoni na uku na Henryk Górecki ɗan Poland, da aka rubuta a 1976, ya fito a Nonesuch a 1992 da muryar Dawn Upshaw, ya sayar da kwafi fiye da miliyan guda.

Ana iya yaudarar masu sharhi?

An yi, kuma ba ƙaramar yaudara ba. Joyce Hatto makaɗiyar fiyano ce 'yar Ingila da ta daina fitowa bainar jama'a tun shekarun 1970. A ƙarshen rayuwarta sai fayafayai fiye da ɗari suka fara fitowa da sunanta daga ƙaramin kamfanin mijinta, tare da labarin cewa tana fama da ciwon daji amma tana ɗauka. Manyan masu sharhi suka yi ta yabo. Ta rasu a 2006. A Fabrairun 2007 wani mai sauraro ya sa faifanta na Liszt a kwamfuta, manhajar iTunes ta nuna sunan wani makaɗi daban, László Simon, na kamfanin BIS. Mujallar Gramophone ta sa aka auna sautin, sai ga shi fayafayan na wasu mutane ne, an ɗan ja wasu an ɗan matse wasu don a ɓad da sawu. Daga baya mijin ya amsa a wata wasiƙa zuwa ga mai BIS.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne makaɗan gaskiyar. Wasunsu matasa ne da ba su yi suna ba, fayafayansu sun fito ba wanda ya waiwaye su, amma da aka liƙa musu labarin tsohuwa mai jinya sai suka zama abin al'ajabi. Kunne yana bin labari fiye da yadda muke so mu yarda. Shi ya sa in ina kwatanta fayafayai nakan sa wani ya kunna mini su ba tare da na ga kwalin ba.

Sunan marubuci ma ana ƙarya da shi. Sanannen Adagio da ake jingina wa Albinoni, wani masani ne mai suna Remo Giazotto ya wallafa shi a 1958, yana cewa daga wani guntun takarda ya gina shi, kuma masana sun tafi a kan cewa aikin nasa ne.

In na ga tauraro biyar, in saya kawai?

Karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin taurarin. Mai sharhin da ya ce "ya yi sauri da yawa" ya gaya maka ɗanɗanonsa ne, wataƙila kai saurin kake so. Bi mutum biyu ko uku na ɗan lokaci har ka san inda kuka dace da inda kuka rabu. Akwai wanda in ya kushe faifai, nan take nake nemansa.

Mene ne waɗannan lambobi, Op. 67, BWV 988, K. 550?

Lambobin rajista ne, kuma su ne za su cece ka wajen nema. Op. lambar aiki ce da marubuci ko mai ɗab'i ya bayar. BWV jerin ayyukan Bach ne da Wolfgang Schmieder ya tsara a 1950. K. na Mozart ne, daga Ludwig von Köchel, 1862. Haydn kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, don haka rubuta "simfonin Haydn" a waya ba zai kai ka ko'ina ba. Manhajojin da aka gina don waƙoƙin zamani sukan rikice, su sa sunan Beethoven a gurbin mawaƙi su ɓoye madugun, ko su yayyanka simfoni su cakuɗa kashinsa da na wani. Idagio da Apple Music Classical, wadda ta fito a 2023, an tsara su ne don wannan matsala. In data ta yi tsada, sauke aiki ɗaya ka zauna da shi mako guda.

Ni sabon shiga ne. Da me zan fara?

Ɗauki kashin farko na simfoni na biyar na Beethoven, minti bakwai ne da 'yan kai. Ji na Kleiber, sannan na Norrington, sannan na Otto Klemperer mai tafiyar giwa. Rubuta layi uku a kan abin da ya bambanta su, da kalmominka, ko da "wannan ya fi fushi" ne kawai. Bayan haka nemi African Suite na Sowande. Mario Bernardi ya ɗauke shi duka da okestirar rediyon Kanada ta Vancouver, Paul Freeman kuma ya ɗauki kashi uku daga ciki da Chicago Sinfonietta a kamfanin Cedille. Jera Akinla na wannan da na wancan, ka ga wanne ne ya sa ƙafarka motsi.